Haƙorina na hana ni barci ga ciki wata 5, Inna ta ce sai na haihu

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Sakkwato, shekaruna 24, ina ɗauke da ciki na biyu, wata 5. Tun cikin yana ƙarami dasashina ke jini duk lokacin da na yi asuwaki, har na rage yi. Na sha laulayi da amai, minti nake tsotsa wuni guda saboda yawu. Yanzu wani turmin haƙorina na ƙasa ya yi kogo, da dare ba barci, kuma ba na iya tauna, daga kunu sai shayi. Na roƙi maigida ya kai ni a duba, sai Inna, mahaifiyarsa da muke gida ɗaya, ta ce ba a taɓa haƙorin mai ciki, allurar kashe zafi na ɓarar da ciki, kuma kowace haihuwa da haƙorin da take ci, ita ma uku ta rasa. Ta ce in riƙa cusa kanumfari. Tana kuma hana ni ƙwai da nama, wai kada ɗa ya yi girma a yi mini aiki. Shi maigida albasa yake sayarwa, kasuwa sai a hankali, kuma ba ya musu da Inna.

Akwai kuma yarona ɗan shekara 2. Da aka gane ina da ciki rana ɗaya aka yaye shi, ya koma ɗakin Inna. Shayi mai sukari ake zuba masa a fida, da ita yake barci, babansa kuma kullum da biskit da alewa yake dawowa. Haƙoransa na gaba sun yi baƙi suna gutsurewa. Wata 2 da suka wuce ya yi ƙyanda, har yau bai mayar da jikinsa ba, ga shi kwana 4 ke nan bakinsa na wari, dasashin ya kumbura yana jini, ya ƙi abinci. Inna ta ce haƙori yake fitarwa, an sayo masa maganin haƙori a kemis. Ni dai babbar damuwata ciwon nan nawa, da yadda zan yi da Inna kada ta ce na raina ta. Mi zan yi?

Wata uwa daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya sauke ki lafiya. Kin sa maganar haƙorinki a gaba, ta yaro kuma kin bar ta can ƙarshen wasiƙa. Ni da ta yaron zan fara, don ita ce ba ta jira. In da rana kike karanta amsar nan, a kai shi asibiti yau. In da dare ne, gobe da sassafe.

Inna na da gaskiya ta wani ɓangare, domin turamen ƙarshe na yaro kan fito ne bayan ya cika shekara 2. Sai dai fitar haƙori ba ta wuce ƙaiƙayin dasashi da dalalar da yawu da ɗan rigima. Ba ta sa baki wari, ba ta sa dasashi jini, ba ta hana yaro cin abinci kwana 4. Yaron da ya tashi daga ƙyanda, ya rame, sannan dasashinsa ya kumbura yana wari, shi ne ainihin irin yaron da cutar noma mai zaizayar baki take kamawa. Likita ne zai yanke hukunci bayan ya buɗa bakin ya gani, amma ina so ki san dalilin da ya sa nake azalzalarki. Wannan cuta ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Tana farawa ne da ɗan gyambo a dasashi wanda kowa zai raina, cikin kwanaki kunci ko leɓe ya kumbura, sai wani wuri a fatar ya yi duhu, naman ya mutu, ya ɓurme, har ta kai ga ƙashi. Duk wannan na iya faruwa cikin abin da bai fi mako 2 ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na yaran da ba su sami magani ba suna rasuwa. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarta daga wani. A matakin da kika kwatanta, na dasashi kaɗai, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tare ta, yaro ya warke ba tabo.

Allah ya sa kuma a Sakkwato kike. Asibitin Yara na Noma yana nan cikin gari tun 1999, ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, tana aiki da shi tun 2014, kuma kyauta ake duba yara a yi musu magani. Daga jihohi masu nisa ake ɗauko yara a kawo nan.  Don haka maganar kuɗi kada ta tsayar da ku. In kuwa kafin gari ya waye kika ga kuncinsa ya tasa, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko wani wuri a fuskarsa ya canza launi, kada a jira safiya.

Ki tafi da katinsa na rigakafi, da kwalbar maganin haƙorin da aka sayo, ki nuna musu. Daga yau a daina ba shi. A 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa, kuma ko wanda ba guba a ciki, abin da yake yi shi ne ya kwantar da yaro ya ɓoye ciwon da ke cin sa. Haka nan kafson nan mai ja da yalo, tetracycline, da ake fasawa a zuba wa yara a baki, yana rina haƙoran da ba su fito ba su dawwama da launin ƙasa, shi ya sa ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba. Kada kuma a bari wanzami ya tsaga dasashin. A asibiti ki faɗa musu ya yi ƙyanda, ki tambayi ko ya sami bitamin A, ki roƙa a auna dantsensa. In abin awon ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai abincin magani na gyaɗa da ake bayarwa dominta.

A gida kuma ki tafasa ruwa ya huce, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki naɗa tsumma mai tsabta a yatsa ki riƙa share masa baki a hankali safe da yamma. Zai yi kuka, ki daure. Abinci ya zama mai laushi, kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a wuni: kunun gero da aka niƙa da gyaɗa da waken suya, dafaffen ƙwai da aka marmasa, alala, faten wake, kifin da aka tsince ƙayarsa, ayaba, gwanda.

Baƙin haƙoran nan na gaba kuwa, fida ce sanadinsu. Ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cutar da ke cikin bakin kowa ne ke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya narkar da farin haƙori. Da rana yawu kan wanke, amma in yaro ya yi barci yawu ya ragu, sai shayin ya kwanta a kan haƙoran sama har asuba. Na ƙasa harshe ke rufe su, shi ya sa za ki ga na sama ne suka fara lalacewa. Ki ɗaga leɓensa a haske ki duba sauran: farin layi kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon abin, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da shi. Za a ce miki ai haƙoran nono ne, zai yi famfara. Na gaba sai ya kai shekara 6 ko 7 suke faɗuwa, turame kuwa har shekara 10 zuwa 12, kuma mugunya in ta taru a ƙarƙashinsu tana ɓata na dindindin da ke kwance a ciki. Shekara nawa ke nan yaro zai yi yana tauna da ciwo? Fidar a janye ta cikin mako guda: a riƙa rage sukari kullum har ya zama ruwa zalla ne a ciki, abin sha kuma ya koma kofi, da rana. Shayi ba abincin yaro ba ne, cika masa ciki yake ya kuma hana jikinsa ɗaukar abin da ke ƙara jini. In dasashin ya warke, ki kwantar da kansa a cinyarki ki goge masa da ƙaramin buroshi mai laushi sau 2 a rana, na dare ya zama bayan ya gama cin komai, da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, gwargwadon ƙwayar shinkafa. In ya cika shekara 3 sai a ƙara ya kai ƙwayar waken suya. Babba ne zai riƙa goge masa har ya kai shekara 7 ko 8.

To, mu dawo kanki. Jinin dasashi abu ne da ke samun masu ciki da yawa, domin sinadaran da jiki ke ƙarawa lokacin ciki suna sa dasashi saurin kumbura in datti ya taru a gindin haƙori. Rage asuwakin da kika yi shi ke ƙara abin. Ki koma, da tausasan hannu, da asuwaki mai laushin baki ko buroshi mai taushi da man fuloraid, sau 2 a rana, ki kuma kurkure da ruwan ɗumi mai gishiri. Jinin zai ci gaba na 'yan kwanaki, sannan ya fara raguwa. In amai ya dawo, kada ki goge nan take, don tsamin ciki yana tausasa haƙori, goga kuma sai ya kankare shi. Ki kurkure da ruwa, ki jira kamar rabin awa zuwa awa guda. Mintin nan da ke zama a kunci tun safe har dare, ina kyautata zaton yana da hannu a kogon nan. Ki maye gurbinsa da ɗan yankin citta, ko gyaɗa, ko ki riƙe asuwakin kansa a baki.

Haƙora ukun da Inna ta rasa ba ƙarya ba ne, kuma ina jin tausayinta, don da ciwo ta rasa su ba wanda ya kai ta a duba. Amma ɗan da ke ciki ba ya zuƙar komai daga haƙorin uwa. Kalsiyam da yake gina ƙashinsa da shi daga abincinki yake samu, in bai isa ba jiki ya ɗebo daga ƙashinki. Abin da ke cin haƙorin mai ciki shi ne wanda kika lissafa da kanki: amai, zaƙi, barin goge baki, da jiran sai an haihu. Likitocin haƙori suna yi wa masu ciki wanki da ciko, har da cirewa in ta kama, kuma allurar kashe zafin da ake yi a dasashi ba ta ɓarar da ciki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga wata 4 zuwa 6, laulayi ya lafa, ciki kuma bai yi nauyin da zai hana ki kishingiɗa a kujera ba. Kina tsakiyarsa yanzu, kuma ba zai jira ki ba. Abin tsoro shi ne a bar kogon ya yi mugunya, fuska ta kumbura, zazzaɓi ya shigo. In kika ga kumburi a muƙamuƙi, ko buɗa baki da haɗiya suka yi wuya, wannan na gaggawa ne a kowane wata ciki yake. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen haƙori, ko ki faɗa wa malamar awo ta tura ki inda ya fi kusa da ku. Kina shiga ki ce kina da ciki wata 5. Kafin nan parasitamol kaɗai za ki sha, yadda aka ƙayyade. Ibuprofen da diclofenac da magungunan haɗi na ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, ki nisance su. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, ba laifi ki sa, sai dai ba ya toshe rami. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa, kada ki yarda ko kusa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne inda kika ce daga kunu sai shayi. Mace mai ciki wata 5 ba za ta rayu a kan wannan ba. Haƙoran jaririn ma tun mako na 6 aka fara halittarsu a cikin dasashi, daga wata na 4 suke fara ƙarfi, da abin da kike ci. Ƙwai da nama ba su ke kai mace ɗakin tiyata ba. Jaririn da ya yi girma fiye da kima, sau da yawa ciwon sukari ne a jikin uwa, kuma a wurin awo ake gano shi. Abin da ke jefa mace cikin haɗari ranar haihuwa shi ne ta je da ƙarancin jini, ta zubar da ɗan abin da mai lafiya za ta jure, ita ta kasa. Kafin a gyara haƙorin, ki nemi masu laushi: ƙwai dafaffe, alala, awara, faten wake, kindirmo, miyar kuka ko zogale da aka daka wa busasshen kifi har da ƙashinsa, kunun gyaɗa, riɗi. Furarki ki dama da nonon da aka tafasa kafin a kwantar, ki rage sukari. Hanta tana ƙara jini, amma jefi-jefi, ba kullum ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo ki sha kullum, kada ki haɗa ta da shayi, ki bar awa 2 a tsakani, in da lemo ko gwaba ki bi ta da shi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki daga wata na 4, aƙalla sau 3 ake so, ki kwana cikin gidan sauro ke da yaron. In kuma kina jin kwaɗayin farar ƙasa ko kanwa ko ƙanƙara, ki faɗa musu, alama ce ta ƙarancin jini sau da yawa.

Saura Inna. Ki dube ta da idon rahama kafin ki buɗa baki. Tsohuwa ce da ta karɓi yaron da aka raba da nono rana ɗaya, ita ke tashi da shi cikin dare, fidar nan ita ce dabarar da ta samu su runtsa. Hana ki ƙwai da take yi, tsoron wuƙa ne take ji miki. In kika je mata da "an ce a jarida", kin rasa ta. Ki same ta bayan sallar asuba, ki gaishe ta, ki ce: "Inna, warin bakin yaron nan ya hana ni barci, hankalina ba zai kwanta ba sai kin raka mu an duba shi, ke kika san jikinsa fiye da ni." Wannan gaskiya ne, ba daɗin baki ba, don a ɗakinta yake kwana. In ta je ta ji daga bakin nas, ta kuma ga yaran da aka kawo a makare, ba sai kin ƙara ko kalma ba. A nan gabanta ki tambayi nas zancen haƙorinki da zancen ƙwai, kamar ke ma yau kika fara ji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, macen da ta san zafin haƙori uku ba za ta so ki ɗanɗana ba in ta tabbata jikanta na ciki ba zai cutu ba. Goge bakin yaro kuma ki danƙa mata shi a matsayin aikin lada. Ta fi ki sanin hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umurce su da asuwaki a kowace salla.

Maigida kuwa, ku biyu kaɗai za ku yi maganar, ba a tsakar gida ba, kuma kada ki sa shi zaɓi tsakaninki da mahaifiyarsa. Ki buɗa bakin yaron ki haska masa da fitilar waya ya gani da idonsa, ya ji warin da hancinsa. Ki ce masa asibitin yaran kyauta ne, kuɗin Keke kawai ake nema. Biskit da alewar nan ƙauna ce yake nunawa da abin da aljihunsa ya iya, kada ki kushe masa, ki sauya masa tsarabar: kuɗin a haɗa a sayo ƙwai, ko ayaba, ko awara, yaro zai ci gaba da tarbarsa a ƙofa da gudu. Kuɗin haƙorinki ku je a duba a faɗa muku tukuna, ciko da wuri ya fi sauƙi a kan jinyar kumburi. In Inna ta kafe, ki nemi wanda take jin nauyinsa, yayarta ko gwaggon maigida ko malamin unguwa. Wannan lallami na zancen haƙorinki ne, yana iya ɗaukar kwana biyu ko uku. Na yaro ba ya jiran sai kowa ya gamsu. In maigida ya riga ya fita kasuwa, ki kira shi a waya ki nemi izininsa, ki goya ɗanki ki tafi, ki ba Inna haƙuri in kun dawo.

Kada kuma ki zauna zargin kanki a kan yayen, an riga an yi, kuma ba ke kika yanke ba. Amma wanda ke tafe a shirya masa tun yanzu. Dakashi a ba shi, kada a matse a zubar. Nono zalla wata 6, ko da a zafin watan Afrilu aka haife shi, domin mafi yawan nono ruwa ne. Ba zuma sai ya shekara, ba fida sam, kuma kada a tauna masa abinci a ba shi, ta nan ƙwayoyin da ke ɓata haƙori ke tsallakawa daga bakin babba zuwa nasa, wanda wani dalili ne kuma na gyara naki kafin ya iso. Rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15 kada ya wuce shi. Ranar da haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata 6, ranar ake fara gogewa.

In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini abin da likita ya ce game da dasashin, da launin da awon dantse ya nuna, ki kuma lissafo mini hatsi da kayan miyan da kuke iya samu a gida, sai mu tsara abincinku na wata guda ke da shi. Allah ya ba shi lafiya, ya raba ku lafiya.